Lissafin gayya ta layin haske: yadda yake aiki da abin da lissafin takarda ke ɓoyewa

A shekarar 2015 gwamnatin Ghana ta ƙaddamar da layin faiba na gabashin ƙasar, mai tsawon kusan kilomita 800. Layin ya tashi daga Ho zuwa Bawku, da reshe daga Yendi zuwa Tamale, kuma kamfanin Alcatel-Lucent ne ya shimfiɗa shi da kuɗin da ƙasar Denmark ta samar. Abin da ke gudu a cikin wannan waya haske ne, a cikin zaren gilashi da kaurinsa bai wuce na gashin kai da yawa ba. Waɗanda suka yi makarantar Faransanci sun san shi da sunan fibre optique.

Irin wannan zaren ne ake haɗa sassan manyan kwamfutocin duniya da shi. Tun farkon shekarun 1990 wasu masana suka tsara yadda za a jera furosesa masu yawa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, a kan layin haske guda ɗaya da kowa zai yi tarayya a kansa. A takarda, tsarin ya nuna saurin da ya ba mutane mamaki. Wannan maƙala ta bayyana yadda tsarin yake, da sunayen samfuransa, da kuma abubuwan da dole a sa cikin lissafi kafin a yarda da saurin da aka yi alkawari.

Mene ne lissafin gayya?

Lissafin gayya shi ne a raba babban aiki ɗaya ga furosesa masu yawa su yi shi lokaci guda, kamar yadda manomi ke kiran gayya a nome masa gona a yini ɗaya. Da Faransanci ana ce masa calcul parallèle. Da shi ake hasashen yanayi, da binciken ƙwayoyin halitta, da horar da ƙirƙirarriyar basira.

Duk wanda ya taɓa halartar gayya ya san cewa mutum ɗari ba sa gama aiki da saurin mutum ɗaya sau ɗari. Akwai rabon kunya-kunya, akwai jiran abinci, akwai abin da mai gona kaɗai zai yanke. A shekarar 1967 Gene Amdahl ya bayyana wannan da lissafi: idan kashi 10 cikin 100 na aiki ba ya rabuwa, to ko furosesa miliyan aka kawo, saurin ba zai wuce ninki 10 ba. Bayan wannan akwai matsala ta biyu, wato saƙonni. Furosesa na buƙatar sakamakon juna, kuma yayin da saƙo ke hanya, mai jiransa zaune yake. A ayyuka da dama lokacin da ke tafiya wajen jiran saƙo ya fi na lissafin kansa.

Me ya sa ake buƙatar samfuri?

Kafin a ƙera na'ura mai tsada, masana kan zana ta a takarda da 'yan dokoki kaɗan: furosesa nawa ne, yaya suke magana da juna, mataki ɗaya nawa yake ci na lokaci. Wannan shi ne samfuri. Da shi ake auna algoridim, wato jerin matakan warware matsala, a ga wanne ya fi sauri.

Samfurin da ya fi shahara shi ne PRAM, wanda Steven Fortune da James Wyllie suka gabatar a 1978. Ya ɗauka cewa kowane furosesa zai iya karanta kowane wuri a ma'adana ta tarayya cikin mataki ɗaya, komai yawansu. Yana da sauƙin koyarwa, amma babu na'urar da ke aiki haka. Shi ya sa Leslie Valiant na Jami'ar Harvard ya kawo samfurin BSP a 1990, sannan David Culler da abokan aikinsa na Berkeley suka kawo LogP a 1993. LogP na auna abu huɗu: jinkirin saƙo a hanya, lokacin da furosesa ke ɓatawa wajen aikawa ko karɓa, tazarar da dole a bari tsakanin saƙo da saƙo, da yawan furosesa. Samfurin da ya sa waɗannan kuɗaɗe a lissafi shi ake kira samfuri mai kusa da gaskiya.

Halin haske a cikin gilashi

A sarari haske na gudun kusan kilomita 300,000 a daƙiƙa ɗaya. A cikin zaren gilashi gudun na raguwa zuwa kimanin kilomita 200,000. Wato santimita 20 a nanosakan ɗaya, kuma nanosakan kashi ɗaya ne cikin biliyan na daƙiƙa. A wani ƙaulin, kowace mita na cin nanosakan 5.

Charles Kao da George Hockham ne suka nuna a 1966 cewa gilashi mai tsabta zai iya ɗaukar saƙo zuwa nesa, kamfanin Corning ya ƙera irin wannan zare a 1970, kuma Kao ya samu lambar Nobel a 2009. Halaye biyu na zaren ne suka ja hankalin masu tsara kwamfuta. Na farko, hasken da aka saka yana tafiya gaba kawai. Na biyu, ana iya sanin lokacin da zai isa kowane wuri daidai, tunda gudunsa sananne ne.

A tsohon layin tarayya na wayar tagulla, wanda injiniyoyi ke kira bas saboda kowa na hawansa, furosesa ɗaya ne ke magana a lokaci guda, sauran su jira. A layin haske kuwa kowa zai iya saka saƙonsa a lokaci ɗaya, saƙonnin su bi juna a jere. Ya yi kama da ayarin fataken goro da ke zirga-zirga tsakanin Kano da Salaga a ƙarni na 19: jakuna da yawa a kan turba ɗaya, kowane da kayansa, babu mai wuce wani, babu mai karo da wani muddin an bar tazara.

Yadda layin ke aiki

A tsarin da aka fi amfani da shi, ana lanƙwasa layin kamar harafin U, a jera furosesa tsakanin hannayensa biyu. Hannun sama na aikawa ne, na ƙasa na karɓa. Saƙon da aka saka a sama zai bi lanƙwasar ya dawo ta ƙasa, ya wuce ta gaban kowa. Lokacin da haske ke ɗauka ya ratsa layin daga farko zuwa ƙarshe shi ake kira zagaye ɗaya.

Sharaɗin kauce wa karo shi ne zaren da ke tsakanin maƙwabta biyu ya fi tsawon saƙo. Saƙon haske yana da tsawo na zahiri. Idan kowane bit ɗigon haske ne mai kashi ɗaya cikin goma na nanosakan, to yana cin santimita 2 na zare, saƙo mai bit 32 kuma ya ci santimita 64.

Ta yaya furosesa zai san saƙon da ke wucewa nasa ne? Dabarar da aka fi sani ita ce haɗuwar ɗigo biyu. Ana amfani da zare uku: na saƙo, na ma'auni, da na zaɓi. A hannun karɓa, zaren saƙo da na ma'auni suna da ɗan ƙarin nadi tsakanin kowane furosesa da maƙwabcinsa, wanda ke jinkirta haske da taki ɗaya, shi kuwa zaren zaɓi ba shi da wannan nadi. Mai aikawa zai saki ɗigon ma'auni, sai ya jinkirta ɗigon zaɓi da adadin takun da ya ga dama. Idan taki biyar ya jinkirta, ɗigon biyu za su haɗu bayan nadi na biyar, kuma furosesan da suka haɗu a gabansa shi zai karanta saƙon. In ana son mutum uku su karɓa, sai a saki ɗigon zaɓi uku.

Ana ma iya yin ƙidaya da jinkirin kansa. A ce furosesa takwas ne, kowane na riƙe da sakamakon ɗalibi ɗaya, ana son sanin nawa suka ci jarrabawa. Duk wanda ɗalibinsa ya ci sai ya kunna makunnin da ke ƙara jinkirin taki ɗaya. A saki ɗigo ɗaya ya ratsa su duka. Idan ya makara da taki biyar, mutum biyar suka ci. An samu amsa cikin zagaye ɗaya, ba tare da an yi ta tarawa bi da bi ba.

Samfuran da aka fi sani

A 1991 Zicheng Guo da Rami Melhem da abokan aikinsu na Jami'ar Pittsburgh a Amurka suka wallafa samfurin APPB, wanda ya kafa tushen jera saƙonni a layin haske. A 1996 Sandy Pavel da Selim Akl na Jami'ar Queen's a Kanada suka gabatar da AROB, wanda ake iya sauya fasalin layukansa yayin da ake aiki. A wannan shekarar ce Yi Pan da Keqin Li suka gabatar da LARPBS, wanda ya fi kowanne tara rubuce-rubuce. A cikinsa akwai makunnan jinkiri irin na misalin ƙidaya da ke sama, da kuma makunnan da ke yanka layin gida-gida, kowane yanki ya yi aikinsa daban. A 1998 Li da Pan da Si-Qing Zheng suka haɗa littafi guda a kan lissafin gayya ta hanyoyin haske.

An rubuta algoridim da dama a kan waɗannan samfura: jera lambobi, ninka jadawalin lambobi, binciken hanyoyi a taswira, da sarrafa hotuna. Wasu sakamakon na cewa aikin zai ƙare cikin zagaye kaɗan da adadinsu ba ya ƙaruwa komai girman aikin. Misali, ana iya jera lambobi daga ƙarami zuwa babba ta haka, in dai yawan furosesa ya kai yawan lambobin sau kansa. Ma'ana, lamba 1,000 na buƙatar furosesa miliyan ɗaya.

Inda takarda ke rabuwa da gaskiya

Na farko, tsawon zagaye. Samfuran na lissafa zagaye ɗaya a matsayin mataki ɗaya, daidai da tara lamba biyu. Amma layin na ƙara tsawo da kowane furosesa da aka ƙara. Da tazarar santimita 64, furosesa 1,000 na buƙatar mita 640 a kowane hannu, mita 1,280 gaba ɗaya. Haske zai ci nanosakan 6,400 kafin ya ratsa. Furosesan laftof mai bugu biliyan 3 a daƙiƙa zai buga sau 19,200 cikin wannan lokaci.

Adireshi na ƙara tsananta lamarin. A dabarar haɗuwar ɗigo, dole a tanadi gurbi ɗaya ga kowane mai karɓa. Furosesa 1,000 na nufin gurbi 1,000, wato mita 20 tsakanin maƙwabta, da kilomita 40 na kowane zare a layin gaba ɗaya. Wannan ya zarce nisan Tamale zuwa Savelugu. Gaskiya ne cewa saƙo 1,000 ke tafiya a zagayen nan ɗaya, don haka kayan da layin ke ɗauka na da yawa. Amma mai jiran amsa ɗaya sai ya jira zagayen ya cika.

Na biyu, raguwar haske. Zaren kansa ba ya cin haske sosai, sai an yi kimanin kilomita 15 kafin ƙarfin ya ragu da rabi. Matsalar na wajen masu karɓa, domin kowane sai ya ɗebi wani kaso na hasken kafin ya gani, kamar kuɗin fito da ayari ke biya a kowane gari. Idan kowa na ɗibar kashi 10 cikin 100 na abin da ya iso gare shi, bayan furosesa 20 saura kashi 12, bayan 50 kuma saura rabin kashi ɗaya. Idan aka rage ɗiban zuwa kashi 1, bayan furosesa 100 saura kashi 37, bayan 500 bai kai kashi 1 ba, ga shi kuma abin da kowa ke samu ya yi ƙanƙanta. Ana iya saka na'urorin ƙara ƙarfin haske, amma suna da tsada, suna cin wuta, suna kuma ƙara hayaniya a cikin saƙon.

Na uku, juyi. Furosesa da lantarki yake lissafi. Kowane saƙo sai an mai da shi haske da lesa, a ɗaya gefen a sake mai da shi lantarki. Wannan juyi na cin lokaci da wuta, kuma a gajeren zango yakan cinye ribar da hasken ya kawo.

Na huɗu, daidaiton lokaci. Tunda gurbi ɗaya santimita 2 ne, kuskuren santimita ɗaya wajen yankan zare rabin gurbi ne. Zafi ma na ɗan sauya tsawon zare da gudun haske a cikinsa, abin da ba za a raina ba a gari irin Tamale inda zafi kan kai digiri 40 a watan Maris.

Na biyar, idan layin tarayya ya yanke a wuri ɗaya, kowa ya tsaya. Mazauna yammacin Afirka sun ɗanɗana irin wannan a ranar 14 ga Maris, 2024, lokacin da wayoyin ƙarƙashin teku huɗu, WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, suka lalace a lokaci guda, intanet ya yi rauni a Ghana da Côte d'Ivoire da Benin da Najeriya da wasu ƙasashe.

Saboda irin waɗannan dalilai aka fara gyara samfuran. A 2005 Brian d'Auriol da abokin aikinsa suka wallafa wani nau'in LARPBS da ke ɗauke da ma'aunai na zahiri, irin su tsawon zare da lokacin da na'urori ke ci, domin a iya lissafa ainihin lokacin da algoridim zai ɗauka a maimakon ƙidayar zagaye kawai.

Abin da masana'antu suka zaɓa

Manyan kwamfutocin yau na amfani da haske sosai, amma ba su bi tsarin layi ɗaya na kowa da kowa ba. Suna jan zare daga wuri ɗaya zuwa wuri ɗaya, ta cikin na'urorin rarraba saƙo. Frontier da ke Oak Ridge a Amurka, wadda a 2022 ta zama ta farko da aka tabbatar ta zarce lissafi biliyan sau biliyan a daƙiƙa, tana da rukunin na'urori fiye da 9,000 da aka haɗa da wayar tagulla a kusa, da faiba a nesa.

Google ya haɗa ƙwayoyin TPU v4 guda 4,096 ta hanyar na'urori masu ƙananan madubai da ke karkata haske daga zare zuwa zare, amma kowane rukuni na ƙwaya 64 da lantarki aka haɗa shi a cikin kabad ɗinsa. A watan Maris na 2024 Nvidia ya nuna kabad mai ƙwayoyin GPU 72 da aka haɗa da dubban wayoyin tagulla, domin a wannan gajeren zango tagulla ta fi araha da ƙarancin cin wuta. Bayan shekara ɗaya kamfanin ya sanar da na'urorin rarraba saƙo da aka shigar da sassan haske kusa da ƙwayar kanta. Tun a 2015 masu bincike daga MIT da Berkeley da Jami'ar Colorado suka nuna furosesan da ke magana da ma'adanarsa da haske kai tsaye.

Wurin da layin haske na tarayya ya samu karɓuwa shi ne faiba ta gida-gida. A tsarin GPON, zare ɗaya daga ofishin kamfani kan rabu zuwa gida 32 ko 64 a cikin nisan kilomita 20, kuma na'urar ofis ce ke ba kowane gida lokacinsa na aikawa don kada saƙonni su yi karo. Ɗaya daga cikin abubuwan da ke iyakance yawan gidajen shi ne raguwar hasken da aka bayyana a sama.

Me ya shafi yankinmu?

Ƙasashen Afirka sun fara zuba kuɗi a wannan fanni. Afirka ta Kudu ta ƙaddamar da Lengau a Cape Town a 2016, Maroko na da Toubkal a Jami'ar Mohammed VI Polytechnique da ke Benguerir, Senegal na da Taouey a Diamniadio, Côte d'Ivoire kuma na da tata a Bingerville. Cibiyoyi irin su GARNET a Ghana da WACREN ta yammaci da tsakiyar Afirka na haɗa jami'o'i da faiba domin a yi tarayya a kan kayan bincike.

Dokar nisa na aiki a nan ma. Tsakanin Tamale da Accra akwai kimanin kilomita 600, wato aƙalla kashi 3 cikin 1,000 na daƙiƙa ga haske a tafiya ɗaya, lokacin da furosesa zai buga sau miliyan 9. Saboda haka haɗa kwamfutocin Tamale da na Accra ko Yamai zai yi amfani ne ga aikin da ke rabuwa gunduwa-gunduwa ba tare da yawan aike ba. Aikin da sassansa ke tuntuɓar juna kowane lokaci, kamar hasashen damina, yana son na'urorinsa a ɗaki ɗaya.

Duk jami'a ko ma'aikatar da aka kawo wa tayin babbar kwamfuta, ko ɗalibin da ke karanta takardar da ke alkawarin sauri, ya kamata ya nemi amsar tambayoyi huɗu. Mataki ɗaya nanosakan nawa ne, kuma yana ƙaruwa in an ƙara furosesa? Furosesa nawa ake buƙata kafin a samu saurin da aka ambata? Wuta nawa haɗin ke ci, tare da sanyaya ɗaki? Me zai faru in waya ɗaya ta yanke? Kuɗin jama'a kan salwanta ne idan aka sayi yawan furosesa aka manta da hanyar da ke tsakaninsu.

Wannan fanni ba ya buƙatar babban jari kafin a fara. Ɗalibi a Jami'ar Nazarin Ci Gaba ta UDS, wadda aka kafa a Tamale a 1992, ko a Jami'ar Fasaha ta Tamale, ko a Maraɗi da Garwa, zai iya rubuta manhajar kwaikwayon layin haske a laftof ɗinsa, ya saka tsawon zare da raguwar haske, ya ga inda algoridim ke daina riba. Malami mai ɗakin kwamfuta goma zai iya saka manhajar Open MPI, wadda kyauta ce, ya sa ɗalibai su aika ƙaramin saƙo tsakanin na'ura biyu sau dubu, su raba jimillar lokacin su fitar da jinkirin hanya. Daga nan su raba aiki ɗaya ga na'ura biyu, huɗu, takwas, su rubuta lokacin da kowane ya ci, su kwatanta shi da abin da lissafin Amdahl ya yi hasashe.